Sifanakofita: Abincin Talakan Girka da Aka Mayar Na Masu Hali

Akwai wani abinci a ƙasar Girka, wadda malamanmu na da suka sani da sunan Yunan, ana ce masa sifanakofita, watau kwaɓin alkama da aka shimfiɗa falle-falle, aka cusa masa ganye da cuku a tsakiya, aka gasa. Duk wanda ya fara ganinsa a babban otal, an yayyanka shi ƙanana an jera a faranti ana tsawwala masa kuɗi, lalle zai zaci cimar attajirai ce, alhali kuwa inda ya fi shahara shi ne ƙauyukan duwatsu irin na yankin Ifirus, a hannun matan makiyaya waɗanda ba su mallaki abin da ya wuce ɗan garin alkama, da ganyen da suka tsinko a bayan gida, da cukun tumakinsu ba. Ra'ayina, wanda nake so in kafa wa hujja a nan, shi ne cewa wannan abinci haƙƙinsa a gasa shi a gida da abin da hannu ya kai gare shi, kuma wanda ya jingina yinsa ga sai an sayo kayan waje masu tsada, to bai fahimci manufar waɗanda suka ƙago shi ba.

Shi kansa ganyen da abincin ya samo sunansa daga gare shi baƙo ne a Girka. Asalinsa ƙasar Farisa, daga can ya isa Sin a shekarar 647 ta hanyar Nefal, har Sinawa suka riƙa kiransa ganyen Farisa. Sa'an nan Larabawa, waɗanda suka ce masa isfanakh, suka ƙetare da shi zuwa Sikiliyya da Andalus, inda Ibnul Awwam, malamin noma na Ishbiliyya a ƙarni na 12, ya yi bayanin shukarsa a cikin Kitabul Filaha, ya kuma fifita shi a kan sauran ganyaye. Sunan da Girkawa ke kiransa da shi, sifanaki, da wanda Turawa ke kiransa da shi, duk daga tushen kalmar nan isfanakh, wadda asalinta ta Farisa ce, suka fito. Fasahar murza kwaɓi ya yi siriri kamar takarda kuwa, Girkawa sun yi tarayya a cikinta da Turkawa masu burek da sauran al'ummun da suka zauna ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kuma mutanen Lebanon da suka daɗe a Kano suna da nasu ɗan'uwan abin, fatayir mai kusurwa uku, wanda suke sa wa tsami.

Mas'ala ta farko da mai son gwadawa a ƙasarmu zai ci karo da ita ita ce ganyen, domin isfanakh na haƙiƙa shuka ce mai son sanyi, da zarar zafi ya taso sai ta yi tsiri ta fid da fure, kuma alayyafon da muke miya da shi, ko da yake 'yan boko sun saba fassara sunan wancan da shi, wata shuka ce dabam. Na ji masu cewa saboda haka yinsa da alayyafo ha'inci ne. Ban yarda ba, kuma dalilina daga Girkawan kansu na samo shi: a lokacin zafi, sa'ad da isfanakh ya ƙare a lambuna, suna cin wani ganye da suke kira bilita, wanda dangin alayyafo ne na kusa, kuma suna da wani nau'in wannan gashi mai suna hortofita, wanda ake yi da kowane irin ganyen daji da mace ta samu a gefen dutse. Idan masu abin ba su ƙuntata wa kansu ba, da wane dalili mu za mu ƙuntata?

Cuku ne ya fi wuyar sha'ani. Nasu, feta, da nonon tunkiya ake yinsa, ana iya garwaya na akuya har kashi 30 cikin 100, sa'an nan a tsuma shi a ruwan gishiri aƙalla wata 2, kuma tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta hukunta cewa ba a kiran wani cuku da wannan suna sai wanda aka yi a yankunan Girka da aka ƙayyade. Ba zan yi da'awar cewa warar Fulani, wadda ake daskarar da ita da ruwan tumfafiya, ta yi daidai da shi ba, domin ita lami ce, shi kuwa yana da gishiri da tsami mai cizon harshe. Amma wanda ya jiƙa wara a ruwan gishiri ta kwana, ya marmasa ta, ya haɗa da cokali biyu ko uku na kindirmo mai tsami, zai sami abin da ya kusanci maƙasudi, kuma kuɗinsa ya shiga hannun makiyayin da ke kusa da shi, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da ruhin abincin.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya ya natsu shi ne batun ruwa, domin a nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa, su kuma ɗora laifi a kan tanderu. Ganye kusan dukkansa ruwa ne; kilo guda da ya cika kwando, in ya ji wuta ko gishiri, sai ya koma abin da tafin hannu biyu za su riƙe. Matan ƙauyen Girka da yawa ba sa ma dafa shi, sai su wanke, su yanka, su barbaɗa gishiri, su murje shi da hannu har ya yi laushi, sa'an nan su matse dunƙule bayan dunƙule, su sake matsewa, har sai ya daina ɗiga. Wanda ya yi gaggawa a wannan mataki, ko da ya zuba cuku mafi tsada a duniya, ƙasan gashinsa zai fito jiƙaƙƙe kamar ɗanyen ƙulli. Bayan haka ake zuba lawashi mai yawa, da na'ana'a, da ganyen ƙamshin nan da Larabawa ke kira shibit in an samu, da ƙwai 2, da cuku kamar giram 300, da man zaitun ko man gyaɗa mai kyau. A lura da gishiri, tun da ganyen ya sha, cukun ma ya sha. Kuma ganye ne ya kamata ya rinjaya. Cika shi da cuku har kore ya ɓace israfi ne da ke kashe ɗanɗano.

Kwaɓin ba ya bukatar kome sai fulawa da ruwa da gishiri da mai da ɗan ruwan tsami, a bar shi ya huta kamar sa'a guda, sa'an nan a murza da siririyar sanda. Ba sai ya kai sirantar na kanti ba, domin na ƙauye dama ya fi kauri, kuma ni shi na fi so. Falle uku ko huɗu a ƙasa, ana shafa mai tsakanin kowane biyu, sai ganye, sai wasu fallayen a sama, a tsaga saman da wuƙa tun kafin a gasa don tururi ya sami mafita.

Mai tanderun zamani ya sa shi a zafin digiri 180, minti 45 zuwa sa'a guda, har saman ya yi ja. Wanda ba shi da shi kada ya karaya, domin makiyayan Ifirus ma da murfin ƙarfe suke rufe farantin, su tula garwashi da toka a kansa, wuta sama wuta ƙasa, dabarar da matanmu masu gasa kek a tukunya ba su jahilce ta ba. In an sauke kada a rufe shi, kada kuma a yanka da zafinsa. A ba shi rabin sa'a cikinsa ya kama jikinsa. Abin da ya saura ana cinsa da sanyinsa washegari, kuma haka makiyayi ke ƙunshe shi a tsumma ya bi tumakinsa da shi zuwa kan dutse.