Sharhi: Takin da ke kwance a magudanan ruwan Limawa

A unguwar Limawa da ke tsakiyar Jimeta, ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, da zarar damina ta kankama sai magudanan ruwa su cushe da shara: ɓawon rogo da doya, ruɓaɓɓen tumatir, ganye, toka da leda. A gefen gari kuma, manoman da ke noman shinkafa da kayan lambu a Tafkin Geriyo da gaɓar Kogin Binuwai na kokawa da tsadar taki. Hukumomi kan ɗauki waɗannan a matsayin matsaloli biyu, ɗaya ta ma'aikatar muhalli, ɗaya ta aikin gona, alhali kuwa wani ɓangare na maganin ta biyun yana cikin ta farkon.

A shekarar 2017, ƙarƙashin shirin samar da taki na shugaban ƙasa da aka ƙulla da ƙasar Maroko, an ƙayyade buhun NPK a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira, sun sa farashin ya ninka sau da dama. Ƙaramin manomi ya koma sayen taki a mudu.

Mayar da sharar gari gona ba baƙon abu ba ne a Arewa. Binciken da masanin nan Michael Mortimore ya yi a karkarar Kano tun shekarun 1960 ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangalar taki, abin da ya taimaka aka daɗe ana noma gonaki shekara bayan shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Abin da ya sauya shi ne ita kanta sharar. Jujin da ya kasance toka, kashin awaki da ragowar abinci, yanzu ya haɗe da leda, kwalba, batir da allurai. Manomin da ya kwashi irin wannan ya zuba a gona, ya kai wa ƙasarsa gyara da guba a tare.

Shi ya sa gaɓar aikin take a cikin gida, wato a ware abin da ke ruɓewa tun kafin a miƙa wa masu kwasar bola. Sauran aikin ba shi da wuya. Ana jera ɗanyen tarkace da busasshe, irin su ƙaiƙayi, kara da ganye, a ƙara kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa domin iska ta shiga. Idan tarin ya ɗauki zafi sama da digiri 55 a ma'aunin Salshiyos, yakan kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku yakan zama baƙar ƙasa marar wari. Tarin da aka bari ba juyi kuwa, ɗoyi da ƙudaje kawai zai tara, kuma a unguwa mai cunkoso irin Limawa wannan kaɗai ya isa maƙwabta su tayar da shirin.

Sai dai bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. Takin yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin, shi kuwa takin gargajiya da wuya ya wuce kashi biyu. Ba zai maye gurbin na zamani ba. Amfaninsa shi ne gyaran jikin ƙasa: yana sa jigawa ta riƙe danshi, yana sassauta ƙasa mai tauri, yana kuma hana ruwa wanke takin zamanin da aka saya da tsada. Wannan ne ma ya sa taron ƙoli da Tarayyar Afirka ta yi a Nairobi a watan Mayun 2024 ya haɗa batun taki da lafiyar ƙasa wuri guda.

Akwai kuma abin da masu kwaikwayon tsarin Turai kan manta. A gidajen Jimeta ba kasafai ragowar tuwo ko dusa ke kaiwa ga bola ba, domin awaki da kaji sun riga sun yi gaba da su. Babban tarin yana Kasuwar Zamani ta Jimeta, wurin masu gwari, masu sayar da abinci da turakun dabbobi. Shirin da bai fara da shugabannin kasuwa da masu unguwanni ba, zai yi ta jiran kayan aiki.

Filin tarawa shi ne babban cikas, kuma a nan ne ƙaramar hukuma ke da rawar takawa. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, an kafa shi ne domin farfaɗo da ƙasar da ta gaji, kuma Adamawa na ciki. Jami'ar Modibbo Adama na iya gwada ingancin takin kafin a sayar wa manoma. Tarin da aka haɗa a watan Fabrairu, idan an samu ruwan yayyafi, zai nuna kafin shukar watan Mayu.