Ijazar Mai Aikin Ido

Ga magana ga malamai da attajiran Gyadi-Gyadi da Tarauni. Malami ba ya ɗaukar karatu sai wajen wanda aka san shaihinsa, ɗan kasuwa kuwa ba ya biyan kuɗin atamfa sai ya warware turmi ya duba. To, abin mamaki, mutumin nan ne idan yana ta rufe masa ido sai ya miƙa shi ga baƙon da ya sauka unguwa jiya da jaka da tsinke, bai tambaye shi wa ya koya masa ba.

Aikin baƙon nan shi ne ya soka tsinke, ya tura yanar can cikin ido. Haske ya kan dawo na ɗan lokaci, a yi ta murna, shi kuwa ya karɓi ladansa ya kama hanya. Daga baya kumburi da hawan jinin ido su biyo, sau da yawa ganin ya tafi ke nan. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ita ce babban sanadin makanta, kuma mafi yawan idanun da aka tura musu yana ta wannan hanya ba su gani a lokacin da aka duba su.

Likitan ido kuwa, shekara shida ya kan yi a jami'a, sa'an nan shekara guda ta gwaji a asibiti, da guda ta bautar ƙasa. Bayan wannan sai ya sake zama almajiri wajen manyan likitocin ido kimanin shekara biyar, yana riƙe musu kayan aiki, har a yarda ya yi yanka suna tsaye a kansa. Ba a kiransa ƙwararre sai ya ci jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wannan ita ce ijazarsa, kuma tana da sanadi. Shi cire yanar ya ke yi gaba ɗaya, ya sa ƙwayar roba a gurbinta, dabarar da Harold Ridley ya fara a London a 1949. A lura kuma, mai gwada tabarau dabam, mai yanka dabam.

Masu cewa wannan bidi'ar Nasara ce, su koma tarihi. A Misira, wajen shekara ta 1000, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil ya ƙera allura mai rami yana zuƙe yana da ita. Littattafan hisba kuma sun ɗora wa muhtasibi ya jarraba masu maganin ido da littafin Hunaini ɗan Ishaƙa kafin ya bar su su taɓa kowa. Ashe tambayar ijaza sunnar magabata ce.

Uzurin nisa ma ya faɗi. Asibitin ido na Sabon Gari yana aiki tun 1943, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa, wanda aka kafa a 1988, ga shi nan a bakin titin Zariya. Saura uzurin kuɗi, shi kam gaskiya ne, gama talaka ba ƙin likita ya ke yi ba. Nan ne nauyi ya hau kan attajirai: wanda ya iya biya wa mutum kujerar Makka ya iya biya wa tsohon alarammar unguwarsu aikin ido, ya koma kan allonsa. Limamai kuma su faɗa a masallaci, duk wanda ya zo da tsinke a tambaye shi takardarsa da asibitin da ya yi almajirci.