Sanarwa ta kowa ce, bashi na mutum ɗaya ne

Ya kai manomin rake na Junju, Karakara da Zabori, ka noma, ka sare, saura mai saye. Masu sayenka suna nesa: Gaya, Doso, Yamai, har Kamba a Najeriya. Yaya za ka sanar da su?

Hanya biyu ce. Ta farko, sanarwa ɗaya ga kowa, a rediyo ko a zauren WhatsApp. Ta biyu, ka kira mutum shi kaɗai, ko ka aika masa saƙon murya.

A ganinmu, kowace da aikinta. Ranar sara, kuɗin dami, wurin da mota za ta tsaya, labarin kowa ne. Faɗe shi sau ɗaya, ka rage kuɗin waya.

Amma bashi da ragi, kada ka kai su zaure. Wanda ka tona wa asiri gaban jama'a ba zai dawo ba, ko da ya biya. In ka rage wa ɗaya a fili, gobe kowa zai nema.

Ka tuna 2019, da Najeriya ta rufe iyakarta, da 2023, da aka rufe gadar Gaya da Malanbil. In hanya ta toshe, mai sayen da kuka saba ne zai jira ka.

Ka yi karatun yaƙi da jahilci, to yi aiki da shi. Rubuta sunan kowane mai saye, lambarsa da bashinsa a littafi. Ko ba ciniki, kira shi ku gaisa. Zumunci a ƙafa yake, yau har a waya.