RAMI ƊAYA, SUNA UKU

Jama'a, akwai wani aiki da masanan ƙasar noma ke fama da shi, wanda manomi bai san ana yi ba, alhali kuwa gonarsa ya shafa.

A birnin Wageningen na ƙasar Holan akwai ma'aikatar ISRIC, wadda aka kafa a 1966. Ita ke tattara labarin ramukan da ma'auna suka haƙa a ƙasashen duniya don gwajin ƙasa, watau zurfin kowane rami, da yashinsa, da laka, da tsami. A 2016 ta fitar da labarin ramuka wajen 96,000, a 2019 suka kai wajen 196,000. Na Afirka, har da na Nijeriya, an riga an haɗa fiye da 18,000 a kundi guda tun 2014.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ramin da aka haƙa sau ɗaya yakan shiga rahoton gwamnati, wani ya kwafe shi cikin nasa kundi, na uku ya kwafa daga na biyu, kowa ya ba shi sabuwar lamba. In aka haɗa kundayen sai rami ɗaya ya zama uku. Kwamfutar da ke zana taswira sai ta ɗauka shaidu uku ne suka yi magana. Abin da ya fi muni, in aka tashi jarraba taswirar, watakila da kwafin ramin da ta riga ta sani za a jarraba ta, kamar almajirin da aka nuna wa amsa kafin tambaya. Da irin waɗannan taswirori kuwa a ke shawarar takin zamani.

Amma ba mu goyi bayan masu gaggawar sharewa ba. Tsofaffin rahotanni da yawa digiri da minti kaɗai suka rubuta, minti guda kuwa ya fi mil ɗaya. Saboda haka ramin fadama da na jigawa suna iya zuwa da adireshi ɗaya. Wani wurin kuma da gangan aka sake auna shi bayan shekaru, don a ga ko ƙasar ta gaji. Wanda ya share wannan ya yi ɓarna.

A ganinmu kusantar wuri zato kawai ta ke kawowa. Sai an bi asalin kowane rami har rahoton da ya fara ambatonsa, an gwada zurfi da zurfi. Wanda aka tabbatar kwafi ne a sa masa alama a keɓe shi, kada a goge. Ma'aikatunmu na binciken noma, irin ta Samaru, lalle su riƙe tsofaffin rahotanninsu da kyau, gama su za a nema ran da gardama ta tashi.