Jiragen Araha: Kujera Da Kuɗinta, Jaka Da Kuɗinta

Duk wanda ya saba shiga tashar mota a ƙasar nan ya san wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya yarda da ita. Buhu ko akwatin da za a saka a but, ko a ɗaure a saman mota, ana biya masa kuɗin kaya, amma 'yar jakar da fasinja zai ɗora a kan cinyarsa ba ta da ko sisi. Ko ɗan kamashon da ya fi kowa tsaurin ido a tashar Unguwa Uku ba zai dubi matafiyi da jakar hannunsa ya ce sai ya biya mata ba. To, abin da ɗan kamasho zai ji nauyin aikatawa shi ne a yau ya zama babbar hanyar samun kuɗin wasu manyan kamfanonin jiragen sama na Turai da Amurka, waɗanda ake yi wa laƙabi da jiragen araha.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne ni ma na taɓa ɗanɗana kuɗata. Wasu 'yan shekaru da suka wuce na halarci wani taro a Ingila, da aka tashi sai na ga ya dace in leƙa wani ɗan'uwa da ke karatu a Italiya. Na duba intanet na ga tikiti a kan kuɗin da bai kai na tasin da zai kai ni filin jirgin ba, na saya ina murna. Sai da muka yi layi a ƙofar shiga jirgi wata ma'aikaciya ta nuna mini wani ɗan keji na ƙarfe, ta ce in saka jakata a ciki. Jakar ta shiga, amma tayoyinta suka leƙo waje da abin da bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Nan take aka ce ko in biya, ko in bar jakar, ko in fasa tafiyar. Abin da na biya a wurin ya ninka kuɗin tikitin har sau biyu. A ranar na ƙara gaskata Bahaushe da ya ce araha ba ta ado.

Domin mai karatu ya fahimci yadda aka kawo nan, sai mu ɗan koma baya. A da, idan mutum ya sayi tikitin jirgi ya sayi komai ke nan, wato kujera da abinci da izinin ɗaukar kaya. Jiragen araha su ne suka zo da dabarar rarraba wannan ciniki gida-gida, kowane da farashinsa. A shekarar 2008, lokacin da man jirgi ya yi tashin gwauron zabo, kamfanin American Airlines ya fara karɓar Dala 15 a kan akwatin farko da fasinja zai miƙa a saka masa a cikin jirgi, sauran manyan kamfanoni kuma suka bi sahu. Fasinjoji suka ga mafita ita ce su riƙa cusa kayansu a jakar da za su shiga da ita a hannu. A shekarar 2010 sai kamfanin Spirit ya toshe wannan kafa, ya sanya kuɗi a kan jakar da ake ɗorawa a ma'ajiyar da ke saman kujeru. A Turai kuwa, a watan Nuwamba na 2018 ne kamfanin Ryanair na ƙasar Ailan ya taƙaita abin da fasinja zai shiga da shi kyauta zuwa 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera. Ko kamfanin Southwest na Amurka, wanda ya shafe shekaru yana tinƙaho da ɗaukar akwati biyu kyauta, ya watsar da wannan al'ada ga yawancin fasinjojinsa a watan Mayu na 2025.

Kada a ɗauka 'yan canji ake magana a kansu. A shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a watan Maris na 2025, Ryanair ya ɗauki fasinjoji miliyan 200, ya samu kusan Yuro biliyan 14, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi ya fito ne daga ƙarin caje-caje irin na jaka da zaɓen kujera da shiga jirgi da wuri. A Amurka, kamfanonin jirage sun tara fiye da Dala biliyan 7 daga kuɗin kaya kaɗai a shekarar 2024. Akwai ma wani sirri a can, domin gwamnatin tarayya tana karɓar harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tikitin cikin gida, amma harajin bai shafi kuɗin kaya ba. Saboda haka duk Dalar da kamfani ya cire daga tikiti ya mayar kan jaka, ya tsirar da ita daga hannun masu haraji.

Adalci ne a saurari hujjar kamfanonin, domin ba ta banza ba ce. Suna cewa jirgin Boeing 737 irin wanda Ryanair ya fi amfani da shi yana da kujeru 189, alhali ma'ajiyar saman kujerun ba ta ɗaukar akwatuna masu taya fiye da na kimanin rabin fasinjojin. Idan kowa ya zo da nasa, dole a tsaya ana sauke wasu zuwa ƙasan jirgi, su kuwa ribarsu ta dogara ne a kan jirgi ya sauka ya sake tashi cikin kimanin minti 25. Suna kuma cewa ba daidai ba ne ɗalibin da ya rataya 'yar jakar baya ya biya wa mai akwati kuɗin kayansa. Ba na musun cewa wannan tsari ya sa miliyoyin talakawan Turai da ba su taɓa mafarkin hawa jirgi ba suna hawa a yau. Wanda ya san takan abin, ya kuma iya taƙaita kayansa, lallai yana cin moriyarsa.

Inda na raba gari da su wuri biyu ne. Na farko shi ne batun ma'auni. A kasuwa, mai saye yana iya kwatanta farashin gero a rumfuna biyu ne kawai idan da tiya ɗaya ake awo. Su kuwa waɗannan kamfanoni kowa da tasa tiyar. Kamfanin easyJet yana barin jaka mai santimita 45 da 36 da 20 ta shiga kyauta. Na Wizz Air 40 da 30 da 20 ne. Ryanair ya daɗe a kan 40 da 25 da 20, sai a 2025 ya ɗaga zuwa 40 da 30 da 20. Ma'ana, jakar da ta kai mutum wani gari lafiya lau a jirgin wannan kamfani, tana iya jawo masa tara idan zai dawo a jirgin wancan. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta taɓa gwada fito da ma'auni guda a shekarar 2015, amma cikin 'yan kwanaki ta janye saboda surutun da ya biyo baya. Ni a ganina wannan ruɗani yana yi wa kamfanonin rana, domin muddin ba a san abin da tikiti ya ƙunsa ba sai an kai shafin ƙarshe na biya, to farashin da aka liƙa a talla tarko ne kawai. Kamfanin da ya faɗi gaskiyar farashinsa tun farko shi zai bayyana a matsayin mai tsada, a bar shi a baya.

Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne kamashon da ake ba ma'aikata. A watan Nuwamba na 2024 wani ƙaramin kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka ya bayyana cewa kamfanonin Frontier da Spirit sun biya ma'aikata Dala miliyan 26 a shekarun 2022 da 2023 a matsayin ladan kama fasinjojin da jakunkunansu suka saɓa wa ƙa'ida, inda Frontier ke bayar da har Dala 10 a kan kowace jaka. A 2025 Ryanair ya tabbatar da cewa yana ba ma'aikatansa Yuro ɗaya da rabi a kan kowace jaka, shugaban kamfanin Michael O'Leary kuma, maimakon ya ji kunya, sai ya sanar da ƙara ladan zuwa Yuro biyu da rabi. Idan mai awo yana da kaso a cikin tarar da za a ci, wane ne zai yi tsammanin ya yi sassauci a kan santimita ɗaya? Kuma a daidai lokacin da fasinja ba shi da wani zaɓi ake yin awon, jirgi na shirin tashi, ga layi a bayansa, ba wanda zai kai wa ƙara. Wanda ya fi faɗawa wannan rami kuwa shi ne baƙo, da dattijo, da wanda bai iya harshen da aka rubuta sharuɗɗan da shi ba.

Hukumomin Turai ma kansu bai haɗu a kan lamarin ba. Tun a watan Satumba na 2014 Kotun Tarayyar Turai, a wata shari'a da ta shafi kamfanin Vueling, ta yanke cewa kamfani yana da ikon karɓar kuɗi a kan akwatin da aka miƙa masa, amma jakar hannu wani ɓangare ne na tafiyar fasinja da ba za a sanya wa ƙarin kuɗi ba, matuƙar girmanta da nauyinta ba su wuce hankali ba. Sai dai kotun ba ta fayyace santimita nawa ne hankali ba, kuma ta wannan ɓaraka ce kamfanonin suka bi. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci kamfanoni biyar tarar Yuro miliyan 179 saboda cajin jakar hannu da wasu caje-caje makamantansa, inda kason Ryanair kaɗai ya kusa miliyan 108, sai Vueling da easyJet da Norwegian da Volotea. Kamfanonin suka garzaya kotu, a watan Oktoba na 2025 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe wa Sifaniya tuhuma, tana cewa ta taka dokar 2008 da ta ba kamfanonin jirage 'yancin tsara farashinsu. A ɗaya gefen, a watan Yuni na 2025 kwamitin sufuri na Majalisar Dokokin Turai ya amince da shawarar a ba kowane fasinja damar shiga da 'yar jakar ƙarƙashin kujera, da kuma wata ƙaramar jaka mai nauyin kilo 7 wadda jimillar tsawo da faɗi da kaurinta bai wuce santimita 100 ba, duk kyauta. Ganin haka, ƙungiyar manyan kamfanonin jiragen Turai ta yi maza ta sanar da ma'auni mafi ƙanƙanta na bai-ɗaya, wato 40 da 30 da 15. Wannan ya nuna cewa ma'auni guda da aka shekara goma ana cewa ba zai yiwu ba, ya yiwu cikin 'yan makonni da aka ji ƙamshin doka.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu a ciki yana da yawa. 'Ya'yanmu da ke karatu a Turai da waɗannan jirage suke zirga-zirga. 'Yan kasuwarmu da masu zuwa Umara da masu neman magani suna hawa takwarorinsu na Gabas ta Tsakiya, irin su flynas da flyadeal da Air Arabia, tsakanin Jidda da Riyad da Sharja da Alƙahira, kuma a irin waɗannan jirage tikitin da ya fi araha galibi bai haɗa da akwatin da ake miƙawa ba. Mu kuwa mutane ne masu tsaraba, ba ma tafiya hannu rabbana, ba ma dawowa haka. Wanda ya tashi daga Kano ko Abuja a babban jirgi da izinin akwati biyu, sannan ya sayi tikiti daban na jirgin araha domin ƙarasa tafiyarsa, ya sani cewa wancan izini ba ya bin sa. Shawarata ita ce ya auna jakarsa har da tayoyi da mariƙi, ya haɗa kuɗin kaya da na tikiti kafin ya kwatanta da na wani kamfani, idan kuma zai biya kuɗin jaka ya biya tun a intanet, domin a ƙofar jirgi farashin ninkawa yake yi.

Sai kuma hukumominmu na cikin gida. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, kamfanonin jiragenmu suna kuka da tsadar mai da kayan gyara, kuma duk ɗan kasuwar da ya matsu yakan leƙa abin da maƙwabcinsa ke yi. Ba na ganin laifi idan wani kamfani ya fito da tikiti mai rahusa ga wanda ba shi da kaya. Abin da nake kira ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, su yi tun yanzu shi ne su tsayar da ma'auni ɗaya na jakar hannu da kowane fasinja zai shiga da ita ba tare da ƙarin kuɗi ba, su tilasta a nuna cikakken farashi tun a shafin farko, su kuma haramta ba ma'aikaci kamasho a kan tarar da ya ci fasinja. Turawa sun bari abin ya yi jijiya, shi ya sa fiye da shekara goma bayan hukuncin kotunsu suka ci gaba da jayayya a kan santimita. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Har yanzu jakar nan tawa tana nan a gida, kuma duk lokacin da na kalli tayoyinta nakan tuna cewa a tashar mota ba a taɓa tambayata kuɗinta ba. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.