Ra'ayinmu: Kunnen da ya ƙara kaifi a Gran Sasso

A ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso na ƙasar Italiya, inda kaurin dutse ya kai kimanin mita 1,400, masanan aikin CRESST sun haura shekara 20 suna dakon abin da ido bai taɓa gani ba, wato ɓoyayyen abin nan da aka ƙiyasta shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na duk abin da ke da nauyi a sararin samaniya. Sukan sanyaya ɗan kiristal har kusan digiri 273 ƙasa da sifili, ta yadda ko ƙwayar zarra guda aka zungura a cikinsa, ɗan ɗumin da ya tashi zai bayyana.

Idan abin da ake nema marar nauyi ne sosai, zungurarsa ma ba za ta yi ƙarfi ba. Shi ya sa aka duƙufa wajen rage mafi ƙarancin ƙarfin da na'ura ke iya ji. A 2019 CRESST ta sanar da cewa ta sauko da shi zuwa elektronbolt 30.1, da kiristal mai nauyin giram 23.6 kacal.

Sai dai kunnen da ya ƙara kaifi ya jiyo abin da ba a aike shi nema ba. Ƙasa da elektronbolt 200, alamu sun yi ta tururuwa fiye da lissafi, kuma wasu ayyukan irinsa sun ci karo da makamancin haka. Masanan ba su buga gangar nasara ba. Sun lura cewa alamun na raguwa da daɗewar na'urar cikin sanyi, halin da ba za a samu ba da daga sararin samaniya suke zuwa, don haka zargi ya koma kan matsin da ke jikin kiristal ɗin da abin da ke riƙe da shi. Sun taɓa ɗanɗana irin wannan: rarar alamun da suka bayyana a 2011 ta ɓace bayan an gyara na'urar.

Duk ma'aikacin da ya taɓa rubuta wa mai gidansa rahoton aiki ya san nauyin rubuta “har yanzu ba mu gano ba”, musamman ana dab da kare kasafi. Muna ganin hukumomin da ke ɗaukar nauyin wannan bincike su lissafa gano tushen alamun nan a matsayin aiki mai cin gashin kansa, su ware masa kuɗi. SuperCDMS, a cibiyar binciken SNOLAB ta Kanada da ke cikin ma'adina a zurfin kilomita 2, ita ma wannan matakin na ƙarfi ta nufa.