Sananne a wajen wa? Malamanmu da ma'aunin Wikipedia

Ƴan uwa matasa, ku ɗauki wayarku ku rubuta sunan ɗan ƙwallon da ya buga wasa biyu a wani kulob na Turai. Za ku same shi a Wikipedia, da ranar haihuwarsa da tsawonsa. To ku rubuta sunan mushen da ya yi shekara 35 da alli a hannu a Tasawa ko Madawa, wanda likitoci da alƙalai da ministoci suka bi ta ajinsa. Shiru kake ji. In wani ɗalibinsa ya ɗaure ya buɗe masa shafi, ba a jimawa sai a liƙa masa tambari cewa mutumin nan ba sananne ba ne, a goge. Ni tambayata ɗaya ce: sananne a wajen wa?

Bari mu fara da yadda dokar take, don kar a ce muna faɗa cikin duhu. Wikipedia ba ta tambayar ko mutum ya yi aikin kirki. Abin da take tambaya shi ne: wa ya yi rubutu a kansa? Ana son a ga jarida ko littafi ko mujallar bincike da ta yi magana a kansa mai tsawo, kuma marubucin ba shi ba ne, ba danginsa ba, ba ma'aikatarsa ba. Facebook ba ya shiga lissafi. Hirar da ka yi da tsohon malaminka a zaure ita ma ba ta shiga, sai in an buga ta a wani wuri. Malaman jami'a suna da wasu ƙofofi na daban: shugabancin babbar jami'a, babbar lambar yabo, ko binciken da masana ke yawan ambato. Malamin firamare, da malamar makarantar yaƙi da jahilci, da alaramman tsangaya, babu ƙofarsu a nan.

Wanga ma'auni takarda yake aunawa. Inda jaridu suka yi yawa, mutane sukan yi nauyi. Inda labari ke yawo baki da baki da gidan rediyo, sai a ce ba kowa. Kai, ko a can inda takardar ta yi yawa ma'aunin yana tuntuɓe. A shekarar 2018 wani ya rubuta shafin Donna Strickland, malamar kimiyyar lissafi da haske a jami'ar Waterloo ta Kanada, aka ƙi karɓa, wai babu isassun madogara. Bayan ƴan watanni, a Oktoban shekarar, ta ci kyautar Nobel, mace ta uku da ta taɓa cin ta a wannan fanni. Ranar aka yi mata shafi a guje. In an yi wa wannan haka, ina ga malamar da ke koyar da yara 80 a ajin zana a ƙauyen Mayayi?

Ku dubi malamanmu da suka samu shiga. Bubu Hama, ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga makarantar William Ponty, yana nan, amma ai ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya kuma bar littattafai masu yawa. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, yana nan, don littafinsa kan ilimi a Afirka an buga shi a Faris a 1964, kuma jami'ar Yamai na ɗauke da sunansa. André Salifu na Damagaram yana nan, shi da ya jagoranci taron ƙasa na 1991. Sun cancanta, ba musu. Sai dai ku lura da abin da ya shigar da su: kujera, da littafi, da jaridun waje. Aji kaɗai bai shigar da ko ɗayansu ba.

Ga wani misali da ya fi ci mini rai. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a unguwar Zango ta Damagaram. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Tsakanin nan shekara 52 ne. Su wa suka tsaya gaban allo a wancan aji, lokacin da wasu iyaye ke ganin karatu da Hausa ɓata lokaci ne? Mutum nawa cikinmu zai iya kawo sunan ɗaya? Haka ma jajin Nana Asma'u, matan da suka riƙa tafiya gari gari suna koyar da mata a ƙarni na 19: ita an san ta don ta bar rubutu, yawancinsu kuwa sunansu ya bi iska.

Wani zai ce, to a buɗe ƙofa kowa ya sa malaminsa mana. A'a. Dokar tana da dalilinta, kuma na yarda da shi. In babu ita, gobe kowane ɗan takara zai biya yaro jika biyar a rubuta masa kirari, a ce shi ya gina rabin lakwal ɗin jiharsa. Shafin da ba a iya tabbatar da shi fagen ƙarya ne, kuma ba duk malamin da muke ƙauna ne ya kamata ya shiga kundin duniya ba. Rigimata da su ita ce a ce hujja sai mai fitowa daga irin jaridun da ba su taɓa taka Dakoro ba.

Rabin laifin kuma a gidanmu yake. Jaridunmu, na gwamnati da masu zaman kansu, shafi nawa suke ba malami? Minista ya yanke ƙyalle, shafin farko. Darakta ya yi ritaya bayan shekara 30, ko layi ɗaya babu. In ya rasu mu cika Facebook da “Allah ya jiƙan mushe”, bayan sadakar uku a manta. Muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, dukkansu da sunan malamai, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da André Salifu da Jibo Hamani. Ɗalibi nawa aka ba tarihin wani malamin garinsu ya yi kundin kammala karatu a kai? Cibiyar CELHTO tana Yamai tun 1968 don tattara tarihin baka. An taɓa ganin gungun matasa sun kai mata muryar tsohon malaminsu?

Abin yi ba shi da wuya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku rage kuɗin anko da liyafa, ku je ku ɗauki muryar malaman nan tun suna raye: shekarar da suka fara, garuruwan da aka kai su, abin da suka kawo sabo. Ƴan jarida, ku buga, da kwanan wata da sunan marubuci. Gidajen rediyo, ku adana shirye-shiryenku inda za a iya komawa a saurara, don shirin da aka adana yana zama madogara. Sannan mu shiga Wikipedia ta Hausa da kanmu. Kowane harshe masu rubutunsa ne ke tattauna ƙa'idojinsa, kuma wanda ba ya wurin ba a jin ta bakinsa. A can ne za mu kare cewa jaridar gida da kundin jami'ar gida hujja ne.

Kar ku ɗauka wasa ne. Abin da ke Wikipedia shi Google ke fara nunawa, daga nan kuma manhajojin da ƙannenmu ke tambaya suke ɗibar amsa. Yaron da ya nemi manyan ƙasarsa ya tarar da sojoji da ƴan siyasa da mawaƙa zalla, me zai sa ya yi sha'awar alli? Ga shi muna kukan ba mai son aikin koyarwa sai wanda ya rasa abin yi.

Malamanmu na shekarun 1970 suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zaɓi guda a garinsu, ya je ya gaishe shi wannan mako, da waya mai caji da littafin rubutu.